Kifin da na zaɓar wa Hajiya a jirgi

Shekarun baya, a watannin farko da na ajiye aiki, na zame wa mutanen gidana ƙarfen ƙafa. Tunda abin ya wuce, ba zan ɓoye muku ba. Shekara talatin da biyar na yi a ma'aikatar gona, ɓangaren dabbobi, tun ina ƙaramin malamin allura mai yawo a kan babur daga Zungur zuwa rugagen bayan Inkil a nan Bauchi, har na kai ga samun ofis mai labule da fanka. Ranar walimar bankwana aka ba ni agogon bango da takardar yabo a cikin gilashi, na dawo gida ina ta washe baki. Washegari na yi wanka, na saka kaftani, na kafa hula, na ɗauki makullin mota. Sai da na kai bakin ƙofa na tuna babu inda ake jirana.

Daga nan na maida gidan ofis. In zagaya in duba famfo, in leƙa akurkin kaji, in tambayi dalilin da ya sa aka bar tsintsiya a tsakar gida. Maiɗakina Hajiya mace ce mai haƙuri. Bafulatana ce, 'yar wani dattijo da nake yi wa shanunsa allura a Inkil tun ina saurayi. Ba ta ce mini kanzil ba, amma daga baya na samu labarin ta kira 'yarmu a waya ta ce, idan akwai ma'aikatar da ke neman tsoho mai duba tsintsiya, a taimaka a kai sunana.

Yaran suka haɗa kai. Babban ɗanmu yana aiki a Ingila, ya daɗe yana roƙon mu zo, ina ce masa sai na yi ritaya. To ga ritaya ta zo, ba ni da sauran hanzari. Suka nema mana biza, suka sayi tikiti, suka kuma ce ba a kujerun baya za mu zauna ba, a ɓangaren gaba ne, wanda ake ce wa bizines kilas, inda kujera take miƙewa ta zama gado. Na yi ta faɗa a waya cewa wannan almubazzaranci ne, alhali a zuciyata daɗi kamar ya kashe ni. Kafin sati ya zagayo babu wanda bai ji labarin ba a majalisarmu ta ƙofar masallaci. Wani abokina da muka ajiye aiki shekara ɗaya ya roƙe ni in daina ambaton kujerar nan, wai shi da bai taɓa ganinta ba har ya gaji da kwanciya a kanta.

Ana gobe za mu bar Bauchi, 'yarmu ta zo daga Yelwa inda take aure. Nas ce, kuma ita ke kula da ciwon sugan mahaifiyarta. Ta jera magunguna a wata 'yar jaka, ta zaunar da ni kamar ɗalibi. Ta ce maganin safe yana da ƙarfi, idan Innarta ta sha shi ba ta ci abinci ba sugan zai faɗi, kuma faɗuwarsa ba ta jiran kowa. Alamar farko zufa da rawar hannu, sai jiri, abin da ke biye kuma ba a fatansa.

"Baba, amana ce na ba ka. Ka tabbata ta ci abinci a hanya. Ka san halinta."

Na ce mata shekara talatin da huɗu muna tare da uwarta, ba ita za ta koya mini halinta ba, ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta dube ni ta yi murmushi.

Muka kwana a Abuja gidan wani ɗan'uwana, ita tana ciki wajen mata, ni ina falo da maza. Jirginmu na safe ne. A filin jirgi aka kai mu wani ɗaki na musamman, ga abinci iri-iri an jera, kowa ya ɗiba da kansa. Na cika faranti na zauna na share shi. Na tambaye ta ko za ta ci, ta ce ta ƙoshi. Na tambaye ta ko ta sha magani, ta ce ta sha tun asuba. A ganina shi ke nan na sauke nauyi.

Ni da jirgi ba baƙin juna ba ne, haka dai nake gaya wa mutane. Gaskiyar ita ce sau ɗaya na taɓa hawa, jirgin alhazai, inda gwiwata ta yi ta dukan bayan kujerar wani bawan Allah tun daga tashi har sauka. Wannan kuwa, gani ya kori ji. Kujeru biyu aka nuna mana a tsakiya, kusa da juna, kowace da talabijin ɗinta da bargo da matashi. Na sha babbar rigar shadda, ɗinkin sallah, don kada a raina Bauchi. Na ce wa Hajiya ta zuba ido in nuna mata yadda ake sarrafa kujerar. Na danna wani maɓalli, sai na ji ina tafiya baya sannu a hankali, ƙafafuna suna tashi sama, hulata ta gangara ta faɗa bayan kujera. Wata baturiya ma'aikaciyar jirgin ce ta zo ta tashe ni zaune, ta miƙo mini hular da hannu biyu. Hajiya ta ja mayafi ta rufe baki, amma ina ganin kafaɗunta suna rawa.

Bayan jirgi ya daidaita a sama, baturiyar ta kawo takardar jerin abinci. Akwai naman sa, akwai kaza, akwai kifi, sai wata shinkafa da ganyayyaki. Na yi shakkar yankan naman, don ban san wanda ya yanka ba, na ga kifi shi ne ba shi da wata magana. Na zaɓar wa kaina, na zaɓar mata. Har na ƙara da bayani, cikin Turancina na ofis, cewa matata ba ta da abin da take so a duniya kamar kifi. Ina da hujja ta. Tun da muka yi aure babu Juma'ar da zan dawo daga masallaci ban tarar da farfesun kifi yana jirana ba. Hajiya Turancinta bai wuce na gaisuwa ba, don haka ba ta san me na faɗa ba, ni kuma ban ga dalilin tambayarta ba.

Aka shimfiɗa mana farin ƙyalle, aka jera cokula da wuƙaƙe, aka kawo kifin yana turiri. Na yi bisimilla na duƙufa. Sai da na ci rabi na waiga, na ga nata ko taɓa shi ba ta yi ba. Ta naɗe hannuwa cikin mayafi, ta tsura wa taswirar da ke talabijin ido. Na ce ta ci, ta ce sai anjima. Na gama nawa na sake magana, wannan karon da irin muryar da nake yi wa masinja a ofis. Ta ce ba ta jin yunwa. Baturiyar ta zo za ta kwashe, na ce ta bari, na kuma yi tsaki don Hajiya ta ji.

Can na lura da zufa a goshinta, alhali sanyin jirgin ya sa ni kaina na lulluɓe ƙafafu da bargo. Ta miƙa hannu ta ɗauki kofin ruwa, na ga ruwan yana rawa a ciki. Na dubi taswirar, na ga muna tsakiyar hamada, babu asibiti, babu 'yarmu, babu ko inda za a tsaya. Na tambaye ta me ta ci tun safe, ta ce rabin kofin shayi. Jiya kuwa da muka tsaya cin abinci a Jos, na tuna ita a mota ta zauna, ta ce ta ƙoshi. Nan take muryar ofis ta gudu ta bar ni.

"Hajiya, don girman Allah ki ci kifin nan. Ko loma uku ce."

Ba ta dube ni ba, farantin ta duba.

"Alhaji, ni ban taɓa cin kifi ba."

Na ɗauka ciwon ne ya fara taɓa mata tunani. Na ce to na Juma'a fa, wanda take dafawa shekara da shekaru?

"Kai nake dafa wa."

Ta yi mini bayani a taƙaice, murya ƙasa-ƙasa. A rugarsu ba a cin kifi, haka ta tashi, ƙarninsa ma tayar mata da zuciya yake yi. Satinmu na farko da aure na shigo da kifi daga kasuwa, na ce haka mahaifiyata take yi mana duk Juma'a. Ita kuma amarya, kunya ta hana ta magana, sai ta je wajen maƙwabciya ta koyi dahuwarsa. Maƙwabciyar ce take ɗanɗana mata gishiri. Da yara suka taso su suka karɓi aikin, da suka watse sai ta koma aunawa da ido. Idan ta gama ta wanke hannu da toka da lemun tsami.

Ni ne fa mutumin da ya san abin da saniya mai shayarwa take buƙata da rani, na rubuta rahoto a kai ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Kunya ta kama ni, ga shi muna sama, babu ƙasar da za ta tsage in shige. Amma ba lokacin kunya ba ne. Na kira baturiyar, Turancin nan da nake taƙama da shi ya watse, da kyar na haɗa kalmomin da suka fahimtar da ita cewa matata tana da ciwon suga kuma ya faɗi. Allah ya saka wa yarinyar nan, ba ta tsaya tambaya ba. Ta kawo ruwan lemu mai zaƙi, ta ɗauke kifin, ta dawo da shinkafar nan mai ganye, da burodi, da kindirmonsu na roba, da ayaba.

Hajiya ta juya fuska gefe, ta kare da mayafi, ta shanye lemun. Rawar hannun ta ɗan lafa. Sai dai 'yarmu ta gaya mini abin zaƙi riƙon ƙwarya kawai yake yi, dole a bi shi da abinci na gaske. Na matso, na leƙa kanta, na kafe ta da ido ina cewa bisimilla mana, bisimilla. Ta ɗauki cokali, ta juya shinkafar, ta ajiye. Ta sake ɗauka, ta sake ajiyewa. Raina ya fara ɓaci, don ga kifi an ɗauke, ban ga sauran abin da ya rage ba.

"Ka zuba mini ido," ta ce. "Ni ban saba ba."

Na koma na jingina. Na shiga lalube a cikin shekara talatin da huɗu ina neman rana ɗaya da na ga matar nan tana tauna abinci, ban samu ba. Na gan ta tana jego, na gan ta a gadon asibiti, na gan ta tana kukan rasuwar mahaifinta, amma ban taɓa ganin ta kai loma baki ba. Kullum za ta kawo mini tire, ta durƙusa ta buɗe kwanuka, ta zuba ruwa, ta tashi ta fita. Haka na ga ana yi wa mahaifina, ita kuma a gidansu abin ya fi namu tsanani, mace ba ta cin abinci a gaban miji ko surukai. Ban taɓa sa mata wannan doka ba. Amma ban taɓa tambayar inda take zuwa idan ta fita ba, ko me take ci a can.

Na yi tunanin in tashi in ba ta wuri, amma tsoron in bar ta ita kaɗai ya hana ni. Ina cikin haka na lura da wani siririn allo a tsakanin kujerunmu, wanda ya nutse a ƙasa. Wannan karon ban yi gwaninta ba, na tambayi baturiyar. Ta nuna mini maɓallin, na danna, allon ya taso a hankali har ya raba mu, ba na ganinta, ba ta ganina. Na kara bakina a jikinsa na ce mata na tafi, ba na nan.

Na zauna ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Can sai na ji ƙarar cokali ya taɓa faranti. Aka jima, na sake ji. Na rantse muku ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba a rayuwata. Na zauna a bayan allon nan, cikin babbar rigar shadda, hawaye yana zuba, ina jin tausayinta da sonta da haushin kaina duk a haɗe. Wani bature da ke ɗaya gefen hanya ya waigo ya gan ni, ya yi sauri ya maida kansa ga jaridarsa. Ban damu ba, na ci gaba da sauraron cokalin.

Bayan kamar kwata ɗin awa, sai na ga allon yana sauka. Ita ta gano maɓallin da kanta, kuma ba ta wuntsila baya kamar wani ba. Ta kusa cinye shinkafar, kindirmon babu saura, zufar ta bushe, idanunta sun dawo daidai. Ayabar ce a hannunta. Ta ɓare, ta raba biyu, ta miƙo mini rabi ta ce in karɓa. Na karɓa. Ta ɗan karkata gefe ta fara cin nata rabin, allon yana ƙasa. Ni kuma na sunkuyar da kai na tsura wa tawa ayabar ido, kamar ban taɓa ganin ayaba ba.

Da ta gama ta goge hannu, sai ta gaya mini abin da har yau yake sukana. Ta ce da can tare da yara take ci, ana hira ana faɗa a kan nama. Tun da aka kai autarmu ɗakin miji, shekara uku ke nan a lokacin, ita kaɗai take ci a kicin. Wani lokaci a tsaye, wani lokaci ta rufe kwanon ta ce sai anjima, har ta manta. Ni kuwa ina falo ni kaɗai da rediyo, bango ɗaya ne tsakaninmu.

"Abinci ba ya shiga idan mutum shi kaɗai ne," ta ce.

Na ce me ya hana ta gaya mini tuntuni.

"Kai ma ba ka tambaya ba, Alhaji."

Ba da faɗa ta faɗe shi ba, da ma da faɗa ne da ya fi mini sauƙi. Sauran tafiyar ban kwanta a gadon nan da na cika wa majalisa kunne da shi ba. Na zauna ina tambayarta abin da take so, tana amsawa da kyar, tana dariya, wai sai ka ce mai neman aure. Ashe dambu take so da man shanu, da kwaɗon zogale, da dafaffiyar gyaɗa. Ashe yaji ba ya mata daɗi, alhali miyar gidana kowa ya san ta da yaji. Na saurara kamar sabon ma'aikaci a ranarsa ta farko. Da aka kawo shayi kafin sauka, ita ta zaɓi abin da za ta haɗa da shi, ni tafinta kawai na yi.

Da muka sauka ɗanmu ya tarbe mu, tambayarsa ta farko yaya gadon. Na ce ban kwanta ba, ya riƙe baki. Wata biyu muka yi a can. An kai mu wurare da yawa, mun ga gine-gine da jiragen ƙasa da ruwan sama wanda ba ya gajiya, yawancinsu sun shige mini duhu yanzu. Da na dawo Bauchi abokina ya matsa sai na ba shi labarin kujera, na ce masa kujera ce kawai. Ya ce lallai Ingila ta yi mini tarbiyya.

Ba ina zagin al'ada ba ne. Kunya ado ce, kuma da ita iyayenmu suka zauna lafiya. Abin da na gane shi ne, namiji yana iya fakewa a bayan kunyar matarsa ya huta da dubanta. Na ɗauka tunda ina kawo cefane, ban taɓa ɗaga mata hannu ba, ban bar ta da tsumma ba, to na san ta. Ashe tiren da take kawowa na sani. Sai da aka ɗaure mu da bel a kujeru biyu, inda babu kicin ɗin da za ta gudu, babu ofishin da zan fake da shi, sannan na gan ta. Ku da kuke da sauran ƙuruciya, kada ku jira ritaya. Tambayar ba ta da tsawo, kuma ba sai an hau jirgi ba.

Farfesun Juma'a na soke shi. Ta ce ai ta saba, na ce ni ma na saba da ofis, ga shi na bari ban mutu ba. Cin abinci tare kuwa bai zo rana ɗaya ba. Da farko shayi kawai take shigowa da shi ta zauna a bakin ƙofa. Daga baya ta fara zuwa da ɗan kwanonta. Yanzu tabarma ɗaya muke shimfiɗawa a tsakar gida bayan azahar, rediyon yana can falo a kashe. Har yau idan za ta kai loma takan ɗan karkata gefe. Ni kuma sai in sunkuya in yi kamar ina neman wani abu a cikin kwanona, har ta haɗiye.